Kafin ka yi wa tsohuwar a-kori-kura fenti, duƙa ka dubi robar da ke ƙarƙashinta

Wata Talata a ƙarshen kakar bara, da la'asar sakaliya, taubashina ya kira ni a waya. Daga sallamarsa na san ba wasan da muka saba ya kawo shi ba. Motarsa ce ta mutu a kan hanya, tsakanin Talata Mafara da Lambar Bakura, tana ɗauke da buhunan takin noman rani da mutum bakwai da suka ci kasuwa za su koma gida, biyu daga cikinsu mata ne da goyo.

Duk wanda ya san yankinmu a 'yan shekarun nan ba sai an yi masa bayanin abin da ake nufi da mota ta tsaya a daji rana na shirin faɗuwa ba. Ba asarar kuɗi mutum ke fara tunawa ba.

Allah Ya tsare. Wani mai Kanta ya tsaya, aka ɗaura igiya, ya ja su zuwa cikin gari kafin a kira magariba. Washegari na je garejin da aka kai ta, ina zaton za a ce mini injin ne ya buga, don shi kowa ke tsoro a tsohuwar mota. Makaniken ya share hannunsa a tsumma ya ce, "Malam, injin lafiyarsa lau. Duƙa ka gani da idonka."

Na duƙa. Abin da na gani wani guntun tsohuwar taya ne, bai kai faɗin tafin hannu ba, ya tsage ya zame daga mazauninsa. Da ya zame, gaban motar ya sunkuya ta gefe ɗaya, lagireto ya sauko tare da shi, fankar injin ta kama shi ta yanka, ruwa ya tsiyaye. Motar da aka kashe wa kuɗin shanu biyu, guntun roba ya tsayar da ita a wurin da ba a son tsayawa.

Tun daga ranar nake son yin wannan rubutu, domin na lura ba taubashina kaɗai ba ne.

Motar Toyota Hilux ce ƙirar ƙarshen shekarun 1980, ta kawuna. Ta yi shekara shida a ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, kaji na ƙwai a cikinta. Ba wanda ya yi niyyar tayar da ita sai da abubuwa suka canja. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin naira a watan Yunin da ya biyo baya, kuɗin motar hannu da ake shigowa da ita daga waje ya fi ƙarfin ƙaramin manomi da ƙaramin ɗan kasuwa. Sai mutane suka waiwayi abin da ke jibge a ƙofar gida. Zagaya garejin Mafara ko na Maradun ka gani: tsofaffin Hilux, Datsun, Mitsubishi L200, Isuzu, har da Peugeot 504 irin wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, duk ana ta kankare su ana mayar da su kan hanya.

Kuma aikin da ke jiransu ba ƙarami ba ne. Tun da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, rayuwar Mafara da Bakura da Maradun ta rataya a kan abin da ke fitowa daga filayen nan: shinkafa, masara, albasa, tumatir, dankali. Babbar mota tana tsayawa ne a bakin kwalta. Mai shiga cikin gonaki, ya bi gefen kwalbati, ya tsallake zaizayar damina, ya kai taki Birnin Tudu ko 'Yarkofoji, ya kwaso buhu daga Rini ko Gora ko Jambako, shi ne mai a-kori-kura.

To idan za a tayar da irin wannan mota, na san jerin da ake bi, don na ga yadda taubashina ya bi shi. Injin da farko. Sai giya da kulochi. Sai taya. Sai fanabita ya daddaki inda ya loɓa, a yi fenti, a kira mai rubutu ya zana wata magana a bayanta. Robar da ke tsakanin bodi da shasi kuwa, idan ma an tuna da ita, sai a aiki yaro wurin mai faci ya yanko tsohuwar taya.

Ra'ayina shi ne an kifa jerin. Robar nan ya kamata ta zo kafin fenti, kusa da birki da sitiyari, kuma mai motar da kansa ya kamata ya zaɓe ta.

Gammo ce, ba ado ba

Ga wanda bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba, bari in yi bayani. Irin su Hilux gida biyu ne. Akwai shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa kamar tsani, wanda injin da giya da sifirin da tayoyi duk a jikinsa suke. Sannan akwai kan motar, inda direba ke zama, wanda aka ɗora a bisa shasin aka ɗaure da noti a wurare kaɗan, galibi tsakanin huɗu zuwa takwas gwargwadon ƙirar. A kowane wuri akwai roba a sama, roba a ƙasa, wani ɗan bututun ƙarfe ya ratsa tsakiyarsu, sai faffaɗan wosha, sai dogon noti. Makanikai suna kiranta robar bodi, wasu su ce bushin. Masu 504 su lura, ƙirarta daga salun aka samo ta, wadda jikinta da ƙashinta a haɗe suke, don haka maganata ta fi shafar motocin Japan, ko da yake abin da zan faɗa a kan zaɓen roba ya hau kan robar injin da ta sifirin ɗinsu.

Aikin robar nan aikin gammo ne. Mai ɗaukar tulu ya san ba don kyau ake naɗa gammo ba. Shasi an yi shi ne ya riƙa murɗawa kaɗan: idan tayar gaba ta dama ta hau tudu ta baya ta hagu ta faɗa rami, dole ƙarfen ya ɗan lanƙwasa ya dawo. Kan motar kuwa akwati ne na siririn ƙarfe mai gilashi da ƙofofi, ba ya son murɗa. Robar ce ke shanye bambancin. Ita ce kuma ke rage karkarwar injin da ta gargada kafin ta iso ƙugun direba.

Akwai aiki na uku da aka fi mantawa da shi, kuma shi ya kama taubashina. Kaurin robar shi ne ke tsayar da bodi a daidai tsayin da aka ƙera shi ya zauna. Lagireto a jikin bodi yake, fanka a jikin injin take, injin kuma a kan shasi. Sandar sitiyari daga bodi take fitowa ta sauka kan akwatin sitiyari da ke kan shasi. Haka bututun birki, haka wayoyin wuta, haka sandar giya da ke ɓullowa ta ramin daɓen mota. Duk waɗannan ƙafa ɗaya a bodi, ƙafa ɗaya a shasi. Idan bodi ya sauka da faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ko ya karkace, kowannensu ya shiga matsi.

Motar takan yi magana tun kafin ta kai ga haka. Ƙofar da sai an ɗaga ta an buga sau biyu take rufuwa. Ƙarar "ƙwas" daga ƙarƙashin ƙafa idan an faɗa rami ko an taka birki da ƙarfi. Gilashin gaba da ke tsagewa daga kusurwa ba tare da dutse ya same shi ba, a canja, ya sake tsagewa a wuri ɗaya. Tsaya a bayan motar ka dubi kan da bodin baya: idan layinsu bai daidaita ba, ɗaya ya kwanta gefe, to gammo ya mutu. Direbobinmu sukan ce ai tsufa ne. Tsufan roba ne, kuma yana da magani.

Abin da ke kasuwa

Idan ka tashi saye, abu huɗu ko biyar za a miƙo maka, kuma kowane mai shago zai rantse nasa ne daidai.

Na fi yarda da baƙar roba irin wadda kamfanin motar ya sa tun asali, ko ta wani kamfani mai suna da ya yi ta a kan awon asalin. Dalilina ba son orijina don sunan orijina ba ne. Injiniyoyin da suka ƙera motar sun zaɓi taushin robar ne gwargwadon nauyin kan da irin murɗar shasin, har ma sukan bambanta ta gaba da ta baya. Matsalar robar asali biyu ce. Ba ta shiri da baƙin mai da man gas, suna kumbura ta su ruɓar da ita, kuma wace tsohuwar mota ce ba ta yoyon mai? Sannan zafi da iska suna busar da ita, ga shi a nan watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Duk da haka, wadda ke cikin motar kawuna ta yi shekara fiye da ashirin kafin ta gaji. Wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

Babbar damuwar ita ce jabu. Baƙar roba duk kama ɗaya take a cikin leda, kuma buga sunan kamfani a kwali ba wuya. Akwai wadda aka narka tsofaffin robobi aka cika da gari aka zuba a mazubi. Irin wannan wata uku ta yi yawa ta baje kamar waina. Ba ni da na'urar gwaji, amma ga abin da na koya a bakin tsofaffin makanikai. Danna ta da farce: ta kirki za ta ɗan shiga ta dawo nan take, ba ta barin shaida. Lanƙwasa gefenta a cikin haske ka ga ko ƙananan tsagu za su buɗe. Goga ta a tafin hannu, idan ta bar baƙi kamar gawayi ko tana marmashewa, ajiye musu kayansu. Mai warin ƙonanniyar taya ma haka. Kuma ka tafi da lambar shasin motarka, domin Hilux tun 1968 ake ƙera ta, an canja ƙira sau da dama, kuma "ai duk ɗaya ne" ita ce maganar da ta fi cin kuɗin masu mota a kasuwar kayan gyara.

Sai ta hannu, wadda ake cewa Beljiyam. A nan zan saɓa wa mutane da yawa. Na yarda ƙarfen Beljiyam sau da yawa ya fi sabon jabu. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya samo akwatin giya ko difiransha na hannu bai yi wauta ba. Amma roba ba ƙarfe ba ce. Tana tsufa ko ana aiki da ita ko ba a yi. Robar da aka ciro daga motar da ta shekara talatin, shekarunta talatin, ko da daga ina aka kawo ta, kuma ta riga ta kwanta da siffar waccan motar. Abin da ya cancanci ka saya a wurin masu yanka mota shi ne ƙarafan da ke tare da robar: bututun tsakiya, wosha, noti. Waɗannan su ne suke ɓacewa a gareji, kuma na asali sun fi wanda za a yanko maka daga bututun ruwa.

Yanzu ga sabuwar yayi. Matasan makanikai da masu mota da ke kallon YouTube da TikTok sun fara neman jar roba, wadda wani lokaci takan zo ruwan ɗorawa ko baƙa. Sunanta foliyuretan, wani sinadari ne da Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar a Jamus a 1937. A Amurka, inda tayar da tsofaffin a-kori-kura irin su Ford F-100 da Chevrolet C10 ya zama abin sha'awa, kamfanoni irin su Energy Suspension da Prothane suna sayar da saitinta a kwali. Kuma ba ƙarya suke yi ba idan suka ce ta fi daɗewa: mai ba ya cin ta kamar yadda yake cin roba, kuma ba ta saurin bajewa.

Sai dai ta fi tauri. A ma'aunin taurin roba da ake kira Shore A, baƙar robar mota galibi tana tsakanin 50 da 70, jar kuwa ta fi yawa daga 80 zuwa sama. Ba'amurken da ya sa ta a motarsa ya kankare bodin tas, ya canja duk inda tsatsa ta ci, sannan yana fito da ita ne ranar hutu a kan lafiyayyar kwalta. Namu kan motar ya sha walda sau goma, daɓensa ya yi siriri, kuma kullum yana kan gargada. Girgizar da roba mai tauri ta ƙi shanyewa ba ɓacewa take yi ba, wucewa take yi ta nemi wurin da ya fi rauni, wato gefen tsohuwar walda da kusurwar gilashi. Ka tsira da robar da ba ta mutuwa, ka koma zarya wurin mai walda. Ga kuma kuka: jar roba tana ƙara "ƙii-ƙii" idan ta bushe, sai an shafa mata nata giris na musamman, giris kuma a ƙurar hunturu ya zama abin da ya zama.

Wani abokina direba ya ƙalubalance ni a kan wannan. Ya ce mu da muke lodin da ya ninka abin da aka rubuta wa mota, ai mai tauri ce ta dace da mu. Maganar tana da kama da gaskiya, amma a duba inda nauyin yake sauka. Buhun shinkafa a bodin baya yake, bodin baya kuma a kan shasi yake zaune, daga nan nauyin ya wuce sifirin da taya. Robar da ke ƙarƙashin kan mota ba ta ɗaukar ko buhu ɗaya. Abin da take ɗauka shi ne kan da mutanen cikinsa, sai fa idan an ɗora kaya da yaran mota a bisa rufin, wanda shi ma wani zance ne na daban. Abin da lodi ke yi shi ne ƙara wa shasi murɗa, wannan kuwa hujja ce ta neman roba mai iya bayarwa, ba mai tauri ba.

Ban ce jar roba haramun ba ce. Idan abin da ke gabanka jabun baƙa ne da jar ta kirki, kuma daɓen motarka da ƙarfinsa, ɗauki jar. Amma kada ka saye ta don ka gan ta a waya.

Wanda na ƙi kwata-kwata shi ne abin da wasu ke yi na zuwa wurin mai injin sassaƙa ƙarfe a fafe musu farin filastik mai tauri, ko a cusa katako, ko ma a jera wosha a ɗaure bodi da shasi ƙarfe da ƙarfe. Wannan cire gammo ne a sa dutse.

Maganar taya

Na bar wannan a ƙarshe don ita ce ta fi yawa a garejinmu, kuma ba na son in yi wa masu yin ta rashin adalci. Robar taya roba ce mai kyau, ta ma fi jabun da ke cikin leda nesa ba kusa ba. Mutumin da ya fara yanka ta ya sa a ƙarƙashin mota dabara ya yi, a ranar da babu wata. Motoci da yawa sun yi shekaru a kanta.

Inda take kasawa shi ne awo. Da wuƙa ake yanka ta, da ido ake auna ta. A motar taubashina, da aka ciro su aka jera a ƙasa, babu biyu masu kauri ɗaya: wani wurin falle biyu aka haɗa, wani uku. An huda ramin da jan ƙarfe, ya fi notin faɗi. Mafi muni, an yar da bututun tsakiya. Wannan ɗan bututu shi ne ke hana a matse roba fiye da kima: noti yana ɗaurewa ne a kansa, robar ta samu daidai matsin da take buƙata. Idan babu shi, ko dai a ɗaure har robar ta mutu, ko a bar ta sako-sako notin ya riƙa wasa yana cin ramin, har wata rana ya kwance. Sannan tayoyin yanzu da waya a cikinsu. Wayar tana riƙe ruwa ta yi tsatsa, tsatsar ta kama ƙarfen da take gogawa.

Idan dole ta sa, a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. A nemi wurin da babu waya a jikin tayar, ko bel ɗin injin niƙa mai kauri. A auna kowanne da abin awo, hagu da dama su zo ɗaya. A ɗauki tsayin daga bututun tsakiya, ba daga tsohuwar robar da ta riga ta baje ba. A mayar da bututun da faffaɗan wosha. Kuma mai motar ya sani aro ya yi, ya sa wa kansa ranar biya.

Wani abu da nake gani kuma yana ba ni tsoro: masu ƙara kauri da gangan don motar ta yi tsayi, ta yi kwarjini ko ta ɗauki manyan tayoyi. Ɗaga bodi ba ya ƙara wa cikin mota nisa da ƙasa, don shasi da difiransha suna nan inda suke. Abin da yake yi shi ne jan sandar sitiyari da bututun birki, da ɗaga nauyi sama a motar da dama mutane ke zama a kan lodi.

Abin takaici, ƙasar da ke noman roba a Edo da Delta da Kuros Riba, mai cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, ita ce ke jiran jirgin ruwa ya kawo mata guntun robar da bai fi murfin kwalba girma ba. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a shekarar da ta biyo baya. Ba na mafarkin a dawo da su gobe. Amma ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a nan cikin Mafara. Me zai hana ɗaliban injiniya su ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatu: su auna robobin motoci huɗu ko biyar da suka fi yawa a tashoshinmu, su fitar da takarda ɗaya mai ɗauke da kauri da faɗi da tsawon bututu, a manna a kowane gareji? Ko mai yankan taya ya samu wannan takarda, rabin matsalar ta tafi.

Zaɓen roba rabin aiki ne, sa ta shi ne sauran rabin, kuma a nan ne mai mota ya kamata ya ɗauki kujera ya zauna a gareji. A canja su duka a lokaci ɗaya. Sabuwa ɗaya a tsakanin matattu ita za ta ɗauki nauyin duka ta mutu da wuri. A jiƙa notocin da mai tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, don notin da ya shekara talatin ba ya fita da lallashi, kuma idan ya karye a ciki aikin yini ya zama na mako. A sassauta duka, a ɗaga gefe ɗaya da jak da katako a tsakani, kaɗan kawai, ana kallon bututun birki da fanka da sandar sitiyari, a gama shi sannan a koma ɗaya gefen. Kada a shafa wa baƙar roba giris ko baƙin mai don ta shiga da sauƙi, ruwan sabulu ya isa. Notin da tsatsa ta ci wuyansa a yar, a sa mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, ba na ƙofar shago ba. Ba a ɗaurewa sai an sauke bodin, an ga ƙofofi na rufuwa daidai. Bayan kasuwa biyu ko uku a koma a sake taɓa su.

Sannan a dubi mazaunin robar kansa. Motocin yankinmu taki suke ɗauka, taki kuwa yana cin ƙarfe kamar gishiri. Garinsa ya zuba, ruwan damina ya wanke shi ya gangara cikin lungunan shasi, ya zauna a daidai inda robar take. Sabuwar roba a kan ruɓaɓɓen ƙarfe aikin banza ne. Idan za a yi walda a wurin, a tuna tankin mai yana kusa.

Na tambayi makaniken da ya karɓi motar me ya sa abokan sana'arsa ke yin aikin taya alhali sun san bambancin. Bai kare su ba, bai kuma zage su ba. Ya ce mai mota ne ke zuwa ya yi jinga a kan kuɗi dunƙule, ya matse farashi har ƙashi, sannan ya ce shi dai ya ga mota ta tashi tana ƙyalli. To daga ina za a rage? Daga inda ido ba ya kai wa. Na ga gaskiyarsa. Jami'in kiyaye haɗurra zai duba taya da fitila da takardu, ba aikinsa ba ne ya kwanta a ƙarƙashin kowace mota. Fasinja fenti yake gani. Mutum ɗaya ne kawai ke da dalilin duƙawa, shi ne wanda motar za ta tsaya da shi. Shi ya sa nake cewa a cire kuɗin roba daga jinga, mai mota ya sayo da hannunsa, ya ga an sa, a miƙo masa tsofaffin ya ƙirga.

Taubashina ya samo saitinsa daga Kano ta hannun wani direba, bayan an mayar da na farko da aka kawo don bai ci gwajin farce ba. Aikin ya ci kwana biyu, saboda an tarar da mazauni ɗaya ya ruɓe sai da aka yanke aka sa sabon ƙarfe, kuma wutar waldar ta ƙona masa sabon fentin da yake taƙama da shi a gefen ƙofa. Wannan ya fi komai ɓata masa rai.

Talatar da ta wuce na shiga gaba muka tafi Bakura. Ƙofar ta rufu da turi ɗaya, abin da ban taɓa gani ba tun kawu na da ƙarfinsa. Kuɗin lagireto kuwa har yanzu da saura a kansa. Ya ce wa mai shagon ya yi haƙuri sai an yanke shinkafar rani.